Sunan Mai Gatari

Ranar Talata ce, ranar kasuwa, sati biyu bayan an gama yankan gero, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Mun dawo daga makaranta ke nan, ina zaune a ƙofar gida ina tsinkar gyaɗa, rabi a kwando rabi a baki, sai motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya ta sauke wani tsoho dogo siriri, da rawanin da ya sha jiki, da buta da sanda da jakar fata a rataye. Bai nufi masallaci ba kamar yadda baƙi ke yi, bai kuma tsaya tambayar kowa ba. Ya tako har ƙofarmu ya ja ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallon rufewar da ta leƙo ta saman danga, wato babban rumbun ƙasa mai tumbi da ke tsakar gidanmu. Ya daɗe yana kallonta kafin ya tuna bai yi sallama ba. Ni dai tun daga nan raina bai kwanta da shi ba, don a iya sanina mutum biyu ne ke yi wa rumbun wani irin wannan kallo: ɓarawo da mai karɓar haraji.

Sunan ƙauyenmu Tungar Mai Gatari, kuma Mai Gatarin nan kakan babana ne. Abin da muka taso muka ji shi ne, ya iso wurin yana saurayi a wata shekarar yunwa, daga shi sai gatari a kafaɗa, lokacin wurin kurmi ne, sai kuraye da birai. Ya sare daji, ya haƙa rijiya a bakin fadama, ya gina rufewa da hannunsa irin wadda ba a taɓa gani a yankin ba, ya koya wa ɗansa yadda ake sake ta in ta faɗi. Daga nan mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna neman ya yanka musu fili. Kowa da abin da ya koro shi, wani yunwa, wani haraji, wani rigimar gida, wani kuwa Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Shi ya sa a tungarmu ana iya tambayarka komai, har miyar da ka sha jiya, amma ba a tambayarka daga ina kakanka ya fito. In yaro ya matsa, sai a ce masa, "Ci tuwonka, ba a haƙa gindin rumbu." Shi kansa Mai Gatari bai taɓa faɗin garinsu ba, kuma laƙabin ya cinye sunansa na yanka tun yana raye. Ɗansa, wato kakana, bai taɓa kama sunan ubansa ba har ya koma ga Allah, don 'ya'yan da ba sa yi. Tsofaffin da suka san sunan kuma suka bi juna. Sai ya zamana muna cin gonar mutum, muna shan ruwan rijiyarsa, ba mu san yadda aka raɗa masa ba.

Babanmu direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai kwana a gida ba, don haka gidan a hannun wansa yake, wanda muke kira Baffa. Ba zan ci haƙƙin Baffa ba, shi ke ci da mu, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma mutumin nan bai yarda da ko rigar wuyansa ba. In ya auna wa mata hatsi da safe, sai ya shafe saman abin da ya rage a buhu ya zana yatsa a kai, don ya gane in an taɓa. Sai kuma Iya, mahaifiyarsu, wadda aka kawo gidan amarya tun Mai Gatari na raye, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gan shi da ido. A ɗakinta nake kwana. Ni ke ɗebo mata ruwan alwala, ni ke tsefe mata kai, ni ke sace mata goro in kai wa ƙawayena mu gwada, kullum muna faɗa kamar kaji. Ita ta sa mini suna Rediyo, wai ba abin da idona zai gani bakina bai watsa ba, kuma sunan ya bi ni har makaranta.

Bayan la'asar aka shimfiɗa wa baƙon tabarma a ƙofar gida, Baffa ya zauna, maƙwabta biyu uku suka matso. Iya ma ta fito gaida baƙo, ta zauna nesa kaɗan da faifan wakenta tana tsinta. Ni kuwa na liƙe a jikin zaure da kwandon gyaɗata, wai aiki nake. Tsohon ya ce sunansa Malam Issufu, daga Faransa ya fito, haka tsofaffinmu ke kiran ƙasar Nijar, can wajen Damagaram. Hausarsa wata iri, yana jan magana, har na danne dariya. Ya ce mahaifinsa yana da wa guda ɗaya wanda ya bar gida a shekarar yunwa, ya saɓa gatari ya nufi kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Uban ya tsufa yana duban hanya, da zai rasu ya bar masa wasiyya cewa ya nemo wan nan ko zuriyarsa, ya kai musu gaisuwa. Shekara shida ke nan, in ya gama girbi sai ya ɗauki sanda ya bi tunga-tunga, har wani a kasuwa ya ba shi labarin wani gida mai rufewa irin ta mutanen arewa. Ya nuna tamu da baki ya ce hannun gidansu ne, ko cikin dubu zai gane. Sannan ya faɗi sunan wan uban nasa.

Faifan Iya ya zame daga cinyarta, wake ya watse, kaji suka yo ca. Ba ta kore su ba. Matar da sai ta yi "wash Allah" sau biyu ta dafa bango kafin ta miƙe, sai ga ta tsaye cak, ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta shige gida ba ta ce wa baƙo ko a huta gajiya ba. Na dubi Baffa. Wallahi ya gani. Ya bi bayan mahaifiyarsa da ido har ta ɓace a cikin zaure, sannan ya juyo ya gyara hula ya ce shi dai bai taɓa jin wannan suna ba, kuma masu gatari a ƙasar nan ai ba su ƙirguwa. Tsohon ya roƙa ko a nuna masa kabarin Mai Gatari ya yi addu'a, Baffa ya ce ruwan fadama ya daɗe da cinye wurin. Ƙarya ce, ko awakin gidanmu sun san inda kabarin yake.

Abin da ke cin Baffa ba ɓoyayye ba ne. Shekara guda kafin nan, a wata tunga da ke gaba da mu, wani mutum ya ɓullo da sunan ɗan'uwa, aka karɓe shi hannu biyu, kafin damina ta faɗi sai ga sammaci, aka yi ta jeka-ka-dawo har aka tsaga gonar gida biyu. Tun daga nan kowane magidanci a yankin ya shafa wa gemunsa ruwa. Mu kuwa abin da muke taƙama da shi fadamar nan ce, rake da shinkafa da albasar rani, ita ce cinmu ita ce suturarmu. Yanzu da na girma na san ko a shari'a ɗan ƙane ba ya gado inda akwai ɗa, amma je ka gaya wa mai tsoro. Na ji Baffa yana gaya wa maƙwabci a bayan danga cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, wa zai taso tun daga Faransa da tsufansa don gaisuwa kawai? Korar baƙo a ranar da ya sauka abin kunya ne, saboda haka aka ba shi zaure na kwana uku. Da magariba Baffa ya kira ni, abin da bai saba ba, ya ce tunda ni zan riƙa kai wa baƙo abinci, in buɗe idona da kunnena, duk inda ya taka da duk wanda ya yi wa magana in zo in gaya masa. Kai, ranar ji na yi kamar an naɗa ni sarauta.

Sai dai wanda na fara zargi ba baƙon ba ne, Iya ce. Da safe ta hana matan gida dama masa koko, ta ce ita za ta yi fura. Ta sa na daka gero har hannuna ya yi kanta, ta zuba kayan yaji ba ƙyashi, ta aika aka samo nono mai kyau a ruga. Da dare kuma ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo akushin kakana, wanda ba a sake ci a ciki ba tun da ya rasu, wanda na taɓa shan duka don na zuba carafke a ciki. Ta wanke shi da kanta, ta zuba tuwo, ta ce in kai zaure. Na ce mata, ke tsohuwa, wannan baƙon saurayinki ne na da? A da in na yi mata irin wannan tsiya sai ta jefe ni da takalmi tana zagin kakannina. Ranar ko kallona ba ta yi ba.

Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyata, tana surfe a bayan ɗaki. Ta duba hagu da dama, ta rage murya, ta gaya mini abin da ungozomar garin ta taɓa gaya mata. Ashe Baffa ba shi ne ɗan farin Iya ba. Akwai wani namiji kafin shi, aka sa masa sunan kakansa Mai Gatari, bai kai yaye ba ya koma. Inna ta ce in duba in gani, sunan suruki ne, kuma sunan ɗan fari ne, kuma ɗan ya mutu. Ko wuƙa aka sa wa Iya a wuya ba za ta furta shi ba, ba za ta ma zauna inda ake faɗinsa ba. Na ce to ai da sauƙi, wani ya faɗa mata sunan, in shi ne ta gyaɗa kai. Inna ta ce wa ya isa ya tsaya gaban Iya da wannan magana in ba Baffa ba? Ita Iya kuma ba za ta taɓa taka dokar mai gida a gaban baƙo ba, ko da ita ta haife shi. Ta ɗaga taɓarya ta ce in kama bakina, in ba haka ba ta surfa ni tare da dawar.

Ranar Alhamis da muka taso daga makaranta ko cire kayan makaranta ban tsaya yi ba, na kora awaki na nufi fadama, don na hango rawaninsa ya yi can. Na bar awakin suna ɓarna a karan dawa, na bi shi daga suri zuwa suri ina laɓewa. Tafiya yake a hankali ta gefen gabas, yana dogara sanda, yana tsayawa yana duban itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Bai dubi rake ba, bai dubi shinkafar da ta sunkuya ba. Ya wuce kanya, ya wuce ɗorawa biyu, har ya kai ga aduwar nan guda ɗaya tilo da ke ƙarshen gona, inda aka hana mu kiwo, aka hana mu tsintar 'ya'yanta ko sun zubo. Nan kabarin Mai Gatari yake, shi ya dasa ta da hannunsa ya ce a sa shi a gindinta. Tsohon ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya ɗaga hannu. Ya daɗe ƙwarai, har ƙafata ta yi tsami a inda na tsuguna. Da ya shafa, na ga gemunsa a jiƙe.

Bai ko waiwayo ba ya ce, "Jikata, fito daga nan, ƙaya za ta soke ki." Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na fito ina jan ƙafa, na tsaya inda sandarsa ba za ta kai ni ba. Ya ce a garinsu wanda ya sari gona a gabashinta ake binne shi, a gindin aduwa, kuma aduwa ba itacen ƙasa mai ruwa irin tamu ba ce, wannan sai dai in wani ya zo da ƙwallonta a aljihu. Ya sa ni na yi dariya da wata magana da na manta, sai ya ƙura mini ido ya ce wushiryar nan tawa ta gidansu ce, ƙanwarsa ma haka take. Ya ciro dabino uku daga jaka ya ba ni, ya ce in yi wa tsohuwa godiyar akushi, ya san abin da ake nufi da shi. Na karɓa na ruga. Dabinon kuwa a rijiyar fadama na watsa su, don an sha gaya mana masu satar yara da dabino suke farawa.

Bayan magariba na sami Baffa yana ɗaure ƙotar fartanya. Ya ce me na gani. Na ce baƙo ya je fadama ya bi gefen gona. Baffa ya ajiye fartanya, idonsa ya kawo wuta, ya ce, "Yana ƙirga taku?" Ban san lokacin da na ce e ba. Da na ga yadda ya matso yana saurarena, mutumin da bai taɓa tambayata ko aji nawa nake ba, sai na ƙara gishiri: na ce har yana kafa sanda a kowace kusurwa yana motsa baki. Zancen aduwa da addu'a da jiƙaƙƙen gemu kuwa na haɗiye shi, don na ga ba shi ake saye ba a wannan kasuwa. Baffa ya gyaɗa kai ya ce biri ya yi kama da mutum. Ya shiga ɗaki ya fito da gaɓar rake mai kauri ya miƙo mini, ya ce ashe rediyon nan tana da amfani. Na shanye raken nan tas, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi mini zaƙi.

Da safiyar Juma'a na ce cikina na ciwo don kada in je makaranta abu ya wuce ni. Baffa ya zo zaure da liman da dattawa biyu. Cikin ladabi aka yi komai, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Aka ce kwana uku na baƙunci sun cika, an bincika ba nan ba ne, Allah ya haɗa shi da nasa. Aka ajiye masa gero a ƙaramin buhu da ƙullin fura na hanya. Malam Issufu ya saurara har suka gama, sannan ya ce, "A bar ni in yi wa tsohuwa tambaya ɗaya. Ba sai ta yi magana ba. In ta sunkuyar da kai ya ishe ni, in koma in gaya wa kabarin ubana." Baffa ya ce Iya ba ta jin daɗi, kuma mutumin da ke auna gonar mutane da ƙafa ba shi da abin cewa da matan gida. Tsohon ya juyo a hankali ya dube ni inda nake maƙale a bakin ƙofa, don ya san ba wanda ke fadamar jiya sai ni da awaki. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki butarsa da sandarsa, ya bar geron a inda yake, ya yi wa kowa sallama. Ba mota sai wata Talatar, don haka da ƙafa ya kama hanya.

Na shiga ɗakin Iya na same ta zaune a bakin gado, akushin a cinyarta ta wanke shi. Na fashe da kuka na zazzage mata komai, aduwa da addu'a da wushirya da godiyar da ya ce in kawo ban kawo ba, da abin da na gaya wa Baffa. Na yi zaton za ta ɗauki muciya, har na kare kaina. Ta daɗe tana shafa bakin akushin da yatsa, sannan ta ce, "Ni bakina a ɗaure, ke naki a kwance. Mun haɗu mun kori mutum." Na ce to ta tashi mu bi shi mana, bai yi nisa ba, ko rafi bai kai ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, kuma daga ranar ba ta sake kirana Rediyo ba, sai sunana na yanka, kamar wata baƙuwa.

Bayan sati na yi ƙarfin hali na gaya wa Baffa cewa ban ga ana ƙirga taku ba. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce maganar ta wuce. Da babanmu ya dawo ya ji labari, suka yi sa-in-sa da wansa a zaure, karo na farko da na ji muryarsa ta hau ta Baffa. Ya hau keke ya bi kasuwanni uku yana cigiya, ba wanda ya san inda tsohon ya nufa. Sunan garinsu ma Baffa ya ce ya manta, maƙwabtan da ke wurin kowa ya kawo nasa daban, ni kuwa lokacin da ya faɗa hankalina na kan yadda yake jan magana. Sunan wan ubansa kaɗai ya zauna mini daram. Iya ta rasu ina aji biyu a sakandare, ta tafi da abinta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Yau shekarata goma sha biyu a Dubai. Ina aiki a ofishin kago a Al Quoz, ina karɓar kayan 'yan kasuwa ana aunawa ana lodi, da yamma in bi cunkoso in koma gida Al Warsan. Mutanen Nijar ba sa yanke mana, 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram, da katan-katan na turare da atamfa. Duk wanda na ji yana jan magana irin ta tsohon nan sai na tambaye shi ko ya san zuriyar wani Malam Issufu, dogo, wanda wan ubansa ya yi kudu da gatari. Masu gaskiyar cikinsu dariya suke yi, su ce Hajiya, Issufu a Damagaram ai kamar yashi ne. Wasu kuwa da sun ji ina neman dangi, nan take sai su zama dangina, kafin a gama auna kaya an fara "haba 'yar'uwa, a rage mini shwayya, ko ɗan kaɗan ne." Sai in ji jinin Baffa ya motsa a jikina, in tsuke fuska in ce khalas, magana ta ƙare, farashi ɗaya ne. In sun fita kuma in zauna ina tunanin ko na sake korar wani. Akwai wani Balarabe da muke aiki tare, yana juya shayi yana jero kakanninsa har tara, wane ɗan wane ɗan wane, ko numfashi ba ya yi. Ya taɓa cewa in jero nawa. Na faɗi babana, na faɗi kakana, daga nan sai gatari.

Na daɗe ban haihu ba, sai shekara takwas da suka wuce Allah ya ba ni namiji. Maigidana, mutumin Kano, ya ce tunda ni na sha wuya in zaɓi suna. Na gaya masa sunan da tsohon nan ya faɗa a ƙofar gidanmu, ba ni da wata shaida sai tashin da Iya ta yi ranar da wakenta ya watse. Wannan ne karo na ƙarshe da sunan ya fita daga bakina. Aka yanka rago a Kano, mu kuma muka tara 'yan'uwan zama a falo aka ci shinkafa. Da la'asar maigida ya kira Baffa a waya don ya sanar da shi, lokacin ya tsufa ƙwarai, idonsa ma ya tafi. Ina gefe da jariri a hannu ina ji. Maigida ya faɗa masa sunan. Baffa ya tambaya wa ya zaɓa. Maigida ya ce uwar yaro. Baffa ya ja numfashi ya ce, "Rediyo ko? To. Allah ya raya Mai Gatari."

Na miƙa hannu zan karɓi wayar in tambaye shi tun yaushe ya sani, sai na fasa. Me zan yi da amsar? Shekara ta zagayo ya rasu. Fadamar da ya tsare da haƙori kuwa ba baƙon da ya taɓa cin ko taku ɗaya a cikinta, mu 'ya'yan gida muka tsattsaga ta, wasu har sun sayar.

A tunga ana ɓoye suna don girmamawa har ya ɓace, a nan kuwa sunan ɗana yana jikin katinsa, yana bayan jakar makarantarsa, ana kwaɗa shi a lasifikar asibiti kowa na ji. Ƙawayena 'yan boko suna kiran 'ya'yansu na fari gatsau, kuma ban ga abin da ya same su ba. Ni dai harshena ya ƙi. Babana nake ce masa, in ma'aikaciya ta tambaye ni sunan yaro sai in miƙa mata kati, tana kallona kamar wadda ta sato ɗan wani. Wani lokaci in na tsaya a tagar bene na shida ina jiran motar makarantarsu, sai in tuna hanyar nan ta bakin tungarmu da dogon tsoho yana tafiya a kanta da buta, zai koma ya gaya wa kabarin ubansa bai samu ba. Gaisuwa kawai ya kawo mana, muka kasa amsawa.